An Karance Mu, Mu Ba Mu Karanta Ba

Yau ba labarin Alhaji da kishiyoyi na zo muku da shi ba, sai ku yi haƙuri. Magana ce a kan wani karatu da ake yi a jami'a, wanda sunansa kaɗai ya isa ya raba zaure gida biyu. Ana ce masa nazarin mata da jinsi. Wato yarinya ta shiga jami'a, a tambaye ta me take karantawa, ta ce mata. Tsohuwa in ta ji haka sai ta riƙe haɓa ta ce, "Mata? Yo mi za a koya miki ga mata wanda ba ki iske ɗakin uwarki ba?" Shi kuwa na zaure ba ya ko tsayawa tambaya, ya riga ya yanke hukunci, wai karatun fitsara ne Turawa suka aiko don a raba mu da mazajenmu.

Ni ba 'yar jami'a ba ce, iyakata sakandare. Amma littafi nake rubutawa, ina bugawa da kuɗina, kuma duk abin da na taɓa rubutawa a kan mata ne, don haka ina ganin ina da bakin magana. Abin da na gani shi ne, masu zagin karatun nan yawancinsu ba su san shi ba, masu yinsa kuma akwai bashin da muke bin su wanda har yau ba su biya ba.

Gaskiya ne a matsayin fanni mai zaman kansa daga Amurka ya taso. A 1970 wata kwaleji a garin San Diyego ta fara buɗe masa sashe. Bai daɗe ba ya iso mu. A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan halin da matan Nijeriya ke ciki, daga nan aka samu ƙungiyar WIN. A 1987 Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyar bincike da adana bayanan mata ƙarƙashin Farfesa Bolanle Awe, a 1991 Jami'ar Makerere ta Yuganda ta buɗe sashe guda cur. Nan kusa da mu Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyarta ta nazarin jinsi. Wani wuri tun digirin farko ake ɗaukarsa, wani wuri sai an gama na farko, wani wuri kuma yana ɓoye ne cikin tarihi ko Hausa ko ilimin zaman jama'a, ba a rubuta sunansa a ƙofa ba.

Kalmar jinsi ita ta fara jawo masa baƙin jini. Tun da aka yi ta maganar auren jinsi a rediyo, har aka sa hannu kan dokar hana shi a 2014, Bahaushe da ya ji an ce jinsi sai hankalinsa ya tafi can. Alhali abin da malaman fannin ke nufi tun asali abu ne da kowace mace ta sani, suna ne kawai ba ta sa masa ba. Akwai abin da Allah ya halitta, kamar ciki da haihuwa da shayarwa, wannan ba mai gardama a kai. Akwai kuma abin da mutane suka raba da hannunsu suka ce wannan na maza, wannan na mata. Ki duba, 'yar'uwa. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, kuku a gidan manya namiji ne, mai wanki da guga namiji ne. To wannan namijin da ya yini yana soya ƙwai a bakin titi, in ya dawo gida ya tarar matarsa kwance da zazzaɓi, ɗora ruwan zafi sai ya zama abin kunya. Me ya sa girkin da ake biya kuɗi ya zama na maza, wanda ba a biya ya zama na mata? A ƙasar Yarbawa mace ce sarauniyar kasuwa, a nan namiji ke zuwa cefane, kuma can da nan duk akwai Musulmi. Wanda ya zauna ya bi diddigin irin waɗannan, ya gano wanne ne addini, wanne ne al'ada, wanne ne son kai kawai aka yi wa rawani, shi ne mai nazarin jinsi. In akwai fitsara a cikin wannan, ni ban gan ta ba.

Ba na cewa duk abin da ke cikin littattafansu abin karɓa ne. Akwai ra'ayoyi a ciki da ba za su zauna a gidan Musulmi ba, kuma ba sai an gaya mana ba. Amma ai ɗalibin tattalin arziki yana karanta yadda ruwan banki ke aiki, ba a ce ya halatta riba ba.

Mu 'yan Sakkwato kuwa mu ne bai kamata a ce mun tsorata ba, domin a garin nan aka riga kowa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun yana wa'azi ya yi faɗa da malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci a cikin gida, ya rubuta hakan a littattafansa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel wajen 1793 ta rasu a 1864, ita ta mayar da maganar aiki. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, abin da ya tsira na ayyukanta ya kai wajen 60. Bayan rasuwar yayanta Sarkin Musulmi Bello a 1837 ta tsara abin da muka sani da 'Yan Taru. Tana zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji ita ke jagorantar ayarin 'yan mata ƙanana da tsofaffi, su taho a ƙasa har wurin Nana, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tsarki da salla da tauhidi da zaman duniya, su koma su koyar da matan aure da ba su samu fitowa ba. Abin da suka riƙo na hatsi da zuma da man shanu, Nana ta raba wa mabukata. Da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon abin.

Ki lura da dabarar, 'yar'uwa, domin nan ne gizo ke saƙa. Nana ta iya Larabcin da za ta rufe bakin manyan malamai da shi, kuma ta yi hakan inda ya kamata. Amma da ta zo kan matan ƙauye ba ta ce su koyi Larabci tukun ba. Ta duba su waye, wane harshe suke ji, wane lokaci suke da shi, wa mijinta zai bari ta fita, wa ba zai bari ba. Ta ga mace mai daka da surfe ba ta da hannun riƙe allo, amma tana da baki da kunne, sai ta zuba karatun cikin waƙa. Malfar nan ma ba a banza ta zaɓe ta ba, alama ce da mata suka riga suka sani a kan Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori, sai ta ɗauke ta ta ɗora wa malama. Wanda ya ce wannan ba nazarin mata ba ne, to ya faɗa mini sunansa.

Yanzu bari in juyo kan masu digirin.

Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta zo ƙasar nan a 1955 tana koyarwa, ta daɗe a Sakkwato har ta tashi a 1984. Marigayi Waziri Junaidu, wanda daga tsatson Nana ya fito, ya buɗe mata taskar littattafan gidansu. A 1989 ta fitar da tarihin Nana, littafin da ma'anar sunansa ita ce ƙanwar Sarkin Musulmi. A 1997 ita da wata Ba'amurkiya, Beverly Mack, suka tattara ayyukan Nana cikin ƙaton kundi guda mai shafi sama da 700, suka ƙara wani littafin a 2000. Wallahi ba zan ci amanar matan nan ba, sun yi aiki. Sun zauna da tsofaffi, sun bi ƙauyuka, sun sa sunan Nana ya shiga jami'o'in duniya, har aka samu Musulmi mata a Amurka da suka kafa nasu 'Yan Tarun. Wanda ya share maka kabarin kakarka ba ka ce masa don me.

Amma ga inda abin ke yi mini ciwo. Matar da ta bar Larabci ta sauko Hausa don 'yar ƙauye ta gane, yau bayaninta mafi faɗi yana cikin Turancin da ko mai sakandare irina sai da ƙamus a gefe. Waƙoƙin na asali suna cikin kundin, amma sharhin da tarihin duk Turanci ne, ni kuma ban taɓa ganin kundin a teburin mai sayar da littafi a kasuwa ba, inda ake ajiye namu. Ɗaliba a Amurka za ta zana miki yadda ake naɗa jaji, yarinyar da aka haifa a Gidaɗawa, taku kaɗan daga Hubbare, abin da ta sani shi ne akwai makaranta mai suna Nana. Laifin ba na baƙin ba ne, su don mutanensu suka rubuta. Laifin na 'ya'yanmu ne da suka karanta suka samu digiri da shi, suka sake rubutawa da Turancin. Shi ya sa nake jinjina wa irin su Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta yi rubutu da Hausa a kan 'Yan Taru da kuma Modibbo Kilo. Irinta ake so su yi yawa, ba a rinƙa ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba.

Wani abin kuma, kowa jan Nana yake yi zuwa rumfarsa. 'Yan boko su sa mata rigar 'yar gwagwarmayar Turai, alhali ba ta taɓa neman a sauya rabon gado ba, ba ta ce a rushe aure ba, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Na zaure su kuma da an ɗaga maganar haƙƙin mata sai su ce, "Ai mu muna da Nana Asma'u," a shafa fatiha a tashi, 'yarsa kuwa tana tasha da farantin gyaɗa a ka. Su biyun ba wanda ya yi mata adalci, amma na biyun ya fi ba ni haushi, don shi ya gaji gidan.

Tun da na ambaci talla, bari in nuna miki amfanin binciken in an yi shi da gaske. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, a 1969 ta rubuta cewa akwai wata babbar kasuwa a ƙasar Hausa da ba a gani, wato cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu. Bayanta wata mai suna Enid Schildkrout ta yi bincike a Kano ta nuna cewa ƙafar wannan kasuwa yara ne. Yarinya ita ke kai ƙuli-ƙuli da fura waje, ita ke sayo kayan haɗi, ribar kuma ita ake tarawa a yi mata kayan ɗaki. To kin ga wanda ya zo da lasifika yana cewa a daina talla a kai yara makaranta, bai tanadi wanda zai fitar wa uwar da kayanta ba, bai tanadi gado da kwanonin auren ba, iska yake wa wa'azi. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma daga bakin iyayenmu aka ɗebe shi. Sai dai su iyayen ba wanda ya dawo ya karanta musu. Haka Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa a 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954, duniya ta san ta kafin jikokinta.

Mu marubuta ma ba mu tsira ba. Tun da Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, Bilkisu Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa, matan Hausa ke ta faɗar auren dole da saki da hana karatu da bakinsu, cikin harshen da ake jin su. Da fari aka raina abin, aka sa masa suna adabin kasuwa. Daga baya kuma aka ga ashe akwai digiri a ciki. Yanzu sai ki ga ɗaliba ta yi sallama da takardar tambayoyi, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata ruwa, ta tambaye ki shekararki nawa aka yi miki aure, me ya sa jarumarki ta kai ƙara gaban alƙali, ta kwashi littattafai kyauta ta tafi. Shi ke nan, an shuka dusa. Ni an zo mini haka ya fi a ƙirga da hannu ɗaya, ban taɓa ganin ko shafi guda na abin da aka rubuta a kaina ba. Wata ma ta dage sai na amsa wani suna na Turanci da suke kiran masu fafutukar mata da shi. Na ce mata, "Ƙanwata, ni abin da na gani a makwabta na rubuta, sunan ki riƙe abinki."

Akwai shari'ar da ya kamata duk mai son karatun nan ta fara da ita, don a ƙasar nan tamu aka yi ta. A watan Oktoba na 2001 wata kotun shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa, namijin da ta ambata ya musanta aka sallame shi. Duniya ta ɗauka, Turai ta yi ta zanga-zanga, daga baya har birnin Rum ya ba ta takardar zama 'yar gari. Amma ba zanga-zangar ce aka karanta a kotu ba. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Sakkwato ta sallame ta, bisa hujjojin da lauyoyi suka kawo, ciki har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya riga dokar fara aiki, kuma ba a bi ƙa'idar shari'a yadda ya kamata ba a kotun farko. Cikin waɗanda suka tsaya mata akwai ƙungiyar BAOBAB ta su Ayesha Imam, wadda tana cikin matan Zariya na WIN tun farko. Da aka zo kan shari'ar Amina Lawal ta jihar Katsina, ita wannan ƙungiya da kanta ta roƙi mutanen waje a 2003 su daina ruwan wasiƙun da suke yi, don suna ɓata lamarin. Ga 'yan boko masu nazarin mata, amma da suka tashi ceton ran 'yar ƙauye, littattafan Malikiyya suka buɗe. Wadda ta haddace sunayen matan Faransa da Amurka ba ta san babin aure da saki da shayarwa na Risala ba, ranar da aka kira ta irin wannan wuri ba ta da abin cewa. Haka wadda ta san Risalar amma ba ta taɓa zuwa ta zauna da masu yoyon fitsari a asibiti ta ji yadda aka yi suka kai haka ba, ita ma da saura.

Sai maganar da iyaye suka fi damuwa da ita, wato in ta gama wane aiki za ta yi. Tambaya ce ta gaskiya, kada a raina ta. Ba kamar aikin jinya ko ungozoma ba ne, da takarda ke kai ki har bakin aiki. Akwai ma'aikatun harkokin mata, na tarayya da na jihohi, akwai koyarwa, akwai gidajen rediyo, akwai ƙungiyoyin agaji masu aikin lafiya da karatun 'ya'ya mata. Dakta Suwaiba Sa'id Ahmad da aka naɗa ƙaramar ministar ilimi a 2024 ta taɓa riƙe cibiyar nan ta Bayero. Amma kujerar minista guda nawa ce? Yawanci ƙungiyoyin agajin ne ke ɗauka, su kuwa kuɗinsu daga waje yake zuwa, mai ba da kuɗi kuma shi ke zaɓen waƙar da za a rera. Bana a ce kowa ya yi maganar kaza, baɗi kuɗin ya koma wani wuri, a watse. Nan ne ake samun 'yan taron otal, a sha lemo, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto da Turanci a aika wa mai kuɗin, matar da aka yi taron dominta ba ta ma san an yi ba. Da 'yata ce ta zo mini da maganar, zan ce ta fara riƙe wani abu a hannu, shari'a ko lafiya ko koyarwa ko ilimin addini, sannan ta ɗora wannan a kai. Shi karatun kamar gishiri yake, yana gyara miya amma ba a cin sa gaya.

Abin da nake nema wurin waɗanda suka riga suka shiga ba mai yawa ba ne. Duk wadda ta shiga gidajenmu ta yi tambaya, jami'a ta ɗora mata sharaɗi, kafin a ba ta takarda sai ta taƙaita abin da ta gano cikin Hausa mai sauƙi, ko shafi 20 ne, ta mayar wa unguwar da ta ɗebo shi. Ta je makarantar Islamiyya ta matan aure ta karanta musu, su ce mata nan kin faɗi daidai, nan kuwa ƙarya aka yi miki don an ga kin zo da mota. Ta kai gidan Rediyon Rima a karanta da hantsi, lokacin da mata ke tsintar shinkafa. In kuɗin bugu ne matsala, mu da ba mu da digiri mun san hanya. Adashi muke ɗauka mu sayi takarda, mu kai maɗaba'a, mu raba wa 'yan kasuwa bashi, in an sayar a ba mu. Duk wadda ta shirya ta zo da rubutunta, ni zan raka ta wurin mai buga mini, kuma zan sa baki ya rage mata.